Jarrabawar shiga okestira: me alƙalai suke saurara a mintunan farko?

Ɗan Filato ya rubuta:

Gaisuwa mai yawa ga manyanmu da abokan sana'a na wannan zaure. Ni makaɗin bayolin ne, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Na fara koyo a Jos, na ci gaba a Legas, yanzu kuma ina dab da kammala digiri na biyu a wata makarantar kiɗa a Jamus. Burina shi ne in sami kujera ta dindindin a okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa masu kayan kiɗa iri-iri, amma jarrabawar ɗaukar makaɗa ta zame mini ƙarfen ƙafa.

Abin da yake faruwa kusan iri ɗaya ne kowane lokaci. Ana aiko mini da takardar gayyata, in isa da sassafe, a ja ƙuri'a a ba ni lamba, sannan in zauna jira a ɗaki ɗaya da sauran masu neman aikin, kowa a kusurwarsa yana maimaita farkon konceton Mozart, wato kiɗan da makaɗi ɗaya yake gaba okestira tana raka shi. Idan aka kira lambata sai in shiga bayan labule, mai fiyano ya kaɗa gajeriyar gabatarwa, in fara, kuma sau da yawa kafin in kai ƙarshen kashin farko sai murya daga ɗaya gefen labulen ta ce an gode. Da wuya nake tsallake zagayen farko. Malamina yana cewa kiɗana a aji ya kai na waɗanda suke samun aiki, ni kuma na san cewa a ranar jarrabawa hannuna na dama yana rawa, sandar gogen ba ta zauna a kan tsirkiya yadda ta saba.

Ina roƙon waɗanda suka taɓa zama cikin alƙalai su bayyana mini abin da ake saurara a waɗannan 'yan mintuna. Ina kuma son sanin ko ya dace in ci gaba da nema a Jamus ko in juya zuwa Ingila ko Amurka. Sannan wasu abokan karatuna suna shan wani magani kafin su shiga, suna cewa yana hana rawar hannu, kuma ina son jin ra'ayinku a kansa kafin in kusance shi.

Tsohon Mai Biyola ya amsa:

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina kaɗa biyola, wadda ta ɗan fi bayolin girma, a wata matsakaiciyar okestira a nan Jamus, kuma na sha zama a ɗaya gefen labulen, saboda haka zan faɗa maka abin da yake gudana a can ba tare da rufa-rufa ba.

A zagayen farko ba gwanin gwanaye muke nema ba. Muna zaune tun safe, mutane da yawa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya da kiɗa iri ɗaya, kuma dole ne kafin azahar mu rage su zuwa 'yan kaɗan. Wanda yake cikin wannan hali dalilin sallama yake nema, ba dalilin yabo ba, kuma mafi sauƙin dalili shi ne wanda kowa a ɗakin zai yarda da shi ba tare da gardama ba: bugun kiɗan ya karkace, ko sautin bai zauna daidai ba, ko muryar gogen ta yi kaushi. Ra'ayi kan fassarar kiɗa yana iya raba alƙalai gida biyu, amma idan mutum ya yi gaggawa a wuri mai sauƙi, ko ya gajarta shirun da ke tsakanin jimloli biyu, kowa ya ji, kuma kowa zai ja layi a kan lambarsa.

Shi ya sa ake dagewa a kan Mozart. Koncetocinsa na uku da na huɗu da na biyar, waɗanda ya rubuta a 1775, ba su da wuyar yatsu kamar na Sibelius ko Tchaikovsky, amma ba su da maɓoya. A na huɗu kana shiga ne a sama, da sautuka tsirara masu kama da kiran kakaki, kuma idan na farko ya kauce ko da kaɗan, sauran za su bi shi. A na biyar kana farawa da sashe mai tafiyar hawainiya, inda duk wata rawar hannu take fitowa fili. Idan hannunka na dama ne yake ba ka matsala, ka zauna da malaminka ku duba ko konceton da ka zaɓa yana bayyana ƙarfinka ne ko rauninka, domin yawancin okestira suna barin mutum ya zaɓa tsakanin biyu ko uku.

Abu na biyu, wanda shi ne na fi so ka riƙe, ya shafi tsakuren ayyukan okestira da ake nema a zagayen baya. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar su kamar darasin motsa yatsu, su haddace layinsu kaɗai. Mu kuwa da muke saurare mun kaɗa waɗannan ayyuka shekara da shekaru, saboda haka idan kana kaɗa shafin farko na Don Juan na Richard Strauss, sauran okestirar tana kaɗawa a cikin kawunanmu, muna jin masu busa da masu ganga a inda ya kamata su shigo. Idan ka riƙe dogon sauti bai kai adadinsa ba, a kunnenmu ka riga ka yi karo da su. Wannan shafi yana farawa da ɗan guntun shiru kafin guguwar sautuka ta tashi, kuma da yawa suna faɗawa cikinsa ba tare da sun ƙirga mizani, wato rukunin bugun kiɗa, ko ɗaya a zuci ba. Haka nan Scherzo, wato sashe mai saurin gudu, na Mendelssohn daga A Midsummer Night's Dream: masu busa sarewa da 'yan'uwansu ne suke fara kawo karin, masu bayolin su karɓa daga gare su, don haka wanda ya san haka zai kaɗa shi da sauƙi da taushi irin na busa, wanda bai sani ba kuwa zai danne sanda ya nuna mana gudu. A Scherzo na simfoni na biyu na Schumann kuma, wurin da ake kama mutane ba gudun ba ne, wuraren da aka ce a ɗan sassauta sannan a koma gudun farko ne, domin a nan ake gane ko mutum yana da agogo a cikinsa.

Saboda haka ka nemo cikakken rubutun kowane aiki, wanda ya ƙunshi layin kowane makaɗi, ka saurari naɗi daban-daban kana bin sa da ido, har ka iya rera abin da wasu suke kaɗawa a lokacin da kai kake shiru.

Game da atisaye, kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya kaɗa wuri sau da yawa har ya fito daidai, sai ya tashi da farin ciki. Jarrabawa kuwa karon farko kawai take saya. Ka ware lokaci kowace rana, ka ajiye wayarka tana ɗaukar sauti, ka fita daga ɗakin, ka dawo, ka kaɗa jerin tsakuren sau ɗaya tak ba tsayawa, ko da ka yi kuskure. Sai bayan ka huta ka saurara da fensir a hannu, kana buga tebur da yatsa domin ka ji inda bugun ya zame. Abin da ka rubuta shi ne aikinka na gobe. Sannan ka tabbatar ka saba da tsayin sautin da za ka tarar, domin a Ingila da Amurka ana yawan saita sautin A a kan 440 ko kusa da haka, a Jamus da Ostiriya kuwa 442 ko 443 ne, kuma fiyanon ɗakin jarrabawa ba zai sauko domin ka ba.

Malama Mai Celo ta amsa:

Na yarda da yawancin abin da Yaya Mai Biyola ya faɗa, amma ina ganin ya wuce da sauri a kan abin da ya fi damun mai tambaya, wato jikinsa. Ni a Amurka nake koyarwa, kuma na ga ɗalibai da suka san kowane layi na rubutun, amma suka rushe da zarar an rufe ƙofa a bayansu.

Idan labule ne yake tsorata ka, ɗan'uwa, yana da kyau ka san dalilin rataya shi. Okestirar Boston ta fara gwada shi a 1952, ya kuma yaɗu a Amurka a shekarun 1970 da 1980, bayan dogon zamani da jagoran okestira yake zaɓar wanda ya ga dama, sau da yawa daga cikin ɗaliban abokansa. Har darduma ake shimfiɗawa domin kada ƙarar takalmi ta nuna ko mace ce ko namiji, kuma ba a yarda mai jarrabawa ya yi magana da ƙarfi ba, sai dai ya raɗa wa jami'in da ke tare da shi. A shekarar 2000 masana tattalin arziki Claudia Goldin da Cecilia Rouse suka wallafa binciken da ya danganta labule da ƙaruwar mata a okestirorin Amurka, ko da yake daga baya wasu masana lissafi sun yi jayayya kan ƙarfin alƙalumansu. Labarin Abbie Conant ya fi kowace ƙididdiga bayyana lamarin: a 1980 ta ci jarrabawar babbar kujerar turombon, wani dogon ƙahon ƙarfe, a okestirar Munik ta Jamus tana bayan labule, daga baya aka sauke ta zuwa kujera ta biyu, sai da ta yi shekaru tana shari'a kafin ta karɓi haƙƙinta. Okestirar Philharmonic ta Biyana, babban birnin Ostiriya, kuwa ba ta amince da mace a matsayin cikakkiyar mamba ba sai a 1997. A ganina, ga baƙon da ya fito daga nesa kuma ba shi da uwa a gindin murhu, labule aboki ne, kuma ya kamata ka shiga bayansa da wannan tunani. Wurare da yawa suna cire shi a zagayen ƙarshe, amma okestirar Metropolitan Opera ta shahara da barin sa har zuwa ƙarshe.

Rawar hannu kuwa ba alamar rashin shiri ba ce, aikin jiki ne idan ya ji barazana: zuciya ta ƙara bugu, tafin hannu ya yi gumi, numfashi ya gajarta. Ba za ka hana shi zuwa ba, amma za ka iya koyon kiɗa yana nan. Ina sa ɗalibaina su hau bene da gudu su sauko, su ɗauki celo, babban gogen da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, nan take su kaɗa tsakure mafi taushi a jerin. Ina kuma sa su shirya jarrabawar gwaji a gaban mutanen da suke jin nauyinsu, a sa labule na gaske ko da zanin gado ne, a ja ƙuri'a, a bar su suna jira ba su san lokacin kira ba, a kuma katse su a tsakiya da kalmar godiya. Ka gina wa kanka ɗan tsari na daƙiƙoƙi kaɗan kafin kowane tsakure: ka saki kafaɗa, ka fitar da numfashi a hankali, ka ji mizani biyu na kiɗan a kanka da gudunsa, sannan ka ɗora sanda. Idan ka maimaita wannan a gida har ya zama ɗabi'a, zai biyo ka cikin ɗakin.

Maganin da abokanka suke sha, mai yiwuwa propranolol ne ko danginsa, waɗanda aka yi domin hawan jini da wasu cututtukan zuciya. Ba sabon abu ba ne a sana'armu, domin a wani bincike da ƙungiyar makaɗan manyan okestirorin Amurka, ICSOM, ta gudanar a 1987, kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka amsa sun ce sun taɓa amfani da irinsa. Yana rage bugun zuciya da rawar hannu, amma ba ya taɓa tunanin da ke cewa za ka faɗi, kuma yana da haɗari na gaske ga mai ciwon asma ko wanda matsin jininsa yake ƙasa. Kada ka karɓa daga aljihun aboki. Ka ga likita, kuma idan ya ba ka, kada ranar jarrabawa ta zama ranar da ka fara gwada shi.

Idan Amurka ta shiga lissafinka, ka duba New World Symphony da ke Miami Beach, wadda Michael Tilson Thomas ya kafa a 1987 domin horar da waɗanda suka gama makaranta kafin su sami aiki.

Ɗan Ciko a Landan ya amsa:

Malam, ina so in ja hankalinka kada ka ɗauka Ingila hanya ce mafi sauƙi, domin tsarinta daban ne kawai. A nan cin jarrabawa ba ya ba ka kujera, gayyatar gwaji yake ba ka. Za a kira ka ka zauna cikin sashe na wasu makonni, a kira wasu su ma su zauna, a sake kiran ka, kuma wannan yana iya ɗaukar shekara ko fiye kafin a yanke hukunci, wani lokaci ma a tashi ba a ɗauki kowa ba. Amfaninsa shi ne ana auna ka a kan ainihin aikin, ba a kan mintuna kaɗan ba. Wahalarsa kuwa, dole ne ka sami abin da za ka ci a tsakani, ga kuma batun takardar izinin aiki, wanda ga mai fasfon Najeriya ba ƙaramin abu ba ne.

Manyan okestirorin Landan irin su London Symphony da Philharmonia makaɗan ne da kansu suke tafiyar da su, lokacin atisaye kuma kaɗan ne ƙwarai, saboda haka abin da ake daraja a nan shi ne saurin karanta rubutun da ba ka taɓa gani ba. Ni ina ganin ko a ina ka tsaya, aikin ciko, wato zama a gurbin wanda ba ya nan, ya fi kowane darasi koyar da tsakure, domin wanda ya taɓa kaɗa Don Juan a tsakiyar mutane tamanin ba ya buƙatar a gaya masa inda masu busa suke shigowa. Ka kuma san da Chineke!, wadda Chi-chi Nwanoku, 'yar asalin Najeriya ta wajen uba, ta kafa a 2015 domin buɗe ƙofa ga makaɗa baƙar fata da sauran tsiraru.

Wani ƙaramin abu: idan za ka riƙa tsallaka iyakoki, ka binciki abin da aka yi sandarka da shi. Itacen pernambuco, wanda ake yin sanduna da shi, yana cikin jerin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 2007, tsofaffin sanduna kuma sau da yawa suna da ɗan hauren giwa a kai, wanda jami'an kwastan suna iya riƙewa.

Ɗan Filato ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar jin sauran okestira a cikin kai ta shige ni, kuma zan fara da neman cikakken rubutun ayyukan. Baba Mai Biyola, ina da ƙarin tambaya. Tun da karatuna yana ƙarewa, shin ya fi dacewa in nemi gurbin horo a ɗaya daga cikin makarantun da ke jikin okestira, ko in ci gaba da neman kujera kai tsaye? Kuma idan Allah ya sa na ci, me ake dubawa a wa'adin gwaji, tun da na ji ana sallamar mutane a ƙarshensa?

Tsohon Mai Biyola ya sake amsawa:

Ka nemi duka biyun a lokaci guda, amma ka fi ba gurbin horo muhimmanci yanzu, domin yawancinsu suna da iyakar shekaru, kujera kuwa za ta iya jira. Wadda ta fi suna ita ce ta okestirar Balin, wadda jagoranta na lokacin, Herbert von Karajan, ya kafa a 1972, inda ɗalibi yake yin shekara biyu yana karɓar darasi daga manyan makaɗan yana kuma zama tare da su a dandali. Amma kada idonka ya tsaya a can kaɗai. Jamus tana da ƙwararrun okestirori kusan 130 da ake tallafawa da kuɗin hukuma, da yawansu suna da irin wannan gurbi ko kwantiragin wucin gadi, kuma sunan kowace daga cikinsu a takardarka yana ƙara yiwuwar a gayyace ka. Ka tuna kuma cewa kaso mai yawa na waɗannan okestirori a gidajen opera suke aiki, saboda haka ka shirya tsakuren opera, musamman idan kujerar bayolin ta biyu kake nema, inda mabuɗin The Magic Flute na Mozart da na The Bartered Bride na Smetana suke yawan fitowa.

Wa'adin gwaji a yawancin wurare shekara ɗaya ne ko sama da haka. A Balin shekara biyu ne, kuma makaɗan ne suke jefa ƙuri'a a ƙarshe. Ƙarfin wannan ƙuri'a ya bayyana a farkon shekarun 1980, lokacin da suka ƙi amincewa da mai busa kilarinet, wani abin busa na itace, Sabine Meyer, duk da cewa Karajan da kansa yana bayanta. A Biyana ma sai mutum ya yi aƙalla shekara uku a okestirar gidan opera na ƙasa kafin ya nemi zama mamba na Philharmonic.

Abin da ake dubawa a wannan lokaci kusan kishiyar abin da ya ci maka jarrabawa ne. A bayan labule kai kaɗai ake ji, a cikin sashe kuwa ana so muryarka ta narke cikin ta sauran, kada ka riga shugaban sashe shiga, kada kuma ka zama na ƙarshe da ya ɗaga sanda. Ka zo atisayen farko ka riga ka iya layinka. Idan kana kujerar ciki, kai ne mai juya shafi, ka juya da wuri ba tare da ka hana abokin zamanka ganin layin ƙarshe ba, ka kuma rubuta abin da aka canza da fensir, a taƙaice. Tambaya takan bi ta hannun shugaban sashe, ba a ɗaga murya zuwa ga jagora daga kujerar baya. Kada ka riƙa kaɗa konceto a ɗakin shiri ko ka maimaita solon wani a inda zai ji. Ka kuma dage da Jamusanci, domin waɗanda za su jefa maka ƙuri'a su ne waɗanda kake shan shayi da su a lokacin hutu.

Ban ga laifi ba idan ka sa Afirka cikin lissafi. Afirka ta Kudu tana da ƙwararrun okestirori a Cape Town da Johannesburg da Durban, Ghana tana da ta ƙasa tun 1959, a Legas kuma MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya wadda aka kafa a 1983, tana da makaranta da okestira, kuma mutumin da ya sami horo irin naka zai yi amfani a irin waɗannan wurare, ko a dandali ko a aji.

Kafin nan, a jarrabawarka ta gaba kada ka tattara kayanka ka tafi da zarar an karanta lambobin da suka wuce. A okestirori da yawa a nan, wasu daga cikin alƙalai suna fitowa su yi bayani ga wanda ya nema, ko su amsa ta imel daga baya. Ka tambayi mutum biyu ko uku daban-daban, ka rubuta abin da kowa ya ce tare da lambar mizanin da ya ambata, sannan ka kai wa malaminka abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai.